Kujera Guda a Bikin Balaraba

Ku gyara zama ku ba ni hankalinku. Labarin yau ba na raha ba ne, kuma idan na kai ƙarshe ni zan yi shiru, hukunci yana hannunku.

A wani gari da ake kira Tudun Maje, can bayan kogi, an yi wata ma'aikaciyar jinya mai suna Balaraba. A ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin garin take aiki, kuma da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka tarar da yaron da ya faɗo a hannunta ba. Ƙaramar shaidar karatu gare ta, wadda ta samu tun tana budurwa, amma ba wanda ya taɓa tambayarta, domin aikinta ya wadatar.

Ana nan sai manya suka zo daga birni da sabon tsari. Suka ce duk asibitin da ba shi da mai digiri a ɗakin haihuwa, za a rufe ɗakin, mata su riƙa zuwa babban asibiti. Suka ba da wa'adin 'yan shekaru, suka shiga mota suka tafi. Balaraba ta san abin da wannan yake nufi. Babban asibitin yana tsallaken kogi, kuma da damina idan ruwa ya kawo, masu kwale-kwale ma janye jiragensu suke yi. Ta sha ganin matan da aka makara wajen kawowa, ta san yadda ake fita da su. Ta bar aiki ta tafi jami'a kuwa ba zai yiwu ba. Sai ta ji labarin wata jami'a da ake karatunta ta intanet, ɗalibi yana garinsu malami yana koyar da shi ta waya. Ta nema, aka ɗauke ta. To, a wannan tafiya mutum uku ne suka tsaya mata.

Ta farko ita ce Hansatu, abokiyar aikinta, wadda ta girme ta. Tare suka nema, tare aka ɗauke su, kuma kowa ya san Hansatu ta fi saurin gane karatu. Amma su biyu ne kaɗai a ɗakin haihuwa, darasi kuwa da rana ake yin sa a kan lokaci. Idan duk suna gaban malami, wa zai tsaya kan mai naƙuda? Hansatu ta yi kwanaki tana juya abin a ranta, sannan ta ce, "Balaraba, kin fi ni sauran shekarun aiki. Ki yi karatun, ni zan riƙe ɗakin." Ta janye sunanta, alhali tun ƙuruciya ba ta da burin da ya wuce digiri. Shekara da shekaru tana yin aikinta tana yin na Balaraba. Ranar kamun 'yarta ma a asibiti ta wuni, hannu cikin safa, saboda Balaraba tana jarrabawa. Kuma ta sani sarai, ranar da digirin ya fito, ƙanwar bayanta ce za ta zama shugabarta, ita kuma ritaya ta ƙarato, damar ba za ta sake dawowa ba.

Na biyu shi ne mijinta, Mamuda, mai fataucin hatsi. Tudun Maje ba ta da sabis ɗin waya na kirki, sai a kan wani dutse da ke wajen gari. Mamuda ya daina bin kasuwannin nesa, abokan cinikinsa suka koma wa wasu. Duk ranar darasi shi zai goya ta a babur ya kai ta kan dutsen, inda ya kafa mata rumfar kara saboda rana. Ya dawo gida ya hura wuta, ya yi wa 'yarsu Nasiba da sauran yara wanka, ya ɗora tukunya. A majalisa suka sa masa suna mijin-ta-ce, har ya daina zama cikinsu. A shekara ta biyu Balaraba ta faɗi wani darasi mai wuya. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce ta haƙura, kanta ya tsufa da karatu. Bai yi mata faɗa ba. Da ranar darasi ta zagayo sai ya tayar da babur ya tsaya a ƙofar gida, injin yana aiki, ya ce, "Maman Nasiba, ina jiranki. Ba zan kashe shi ba sai kin fito." Ta daɗe a ɗaki tana kuka, sannan ta ɗauki mayafinta ta fito.

Ta uku ita ce mahaifiyarta, Inna Kande, wadda take zaune a gidan ɗanta Sabitu. Ita ba ta san mene ne digiri ba. Balaraba 'yar farinta ce, don haka ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". Jarrabawar ƙarshe ba a kan dutse ake yin ta ba, dole ɗalibi ya je wata cibiya a birni ya yi mako guda. Wanda ya rasa ta sai baɗi, wa'adin asibiti kuwa bana zai cika. Balaraba ba ta daɗe da tafiya ba Inna ta yanke jiki ta faɗi a madafa, ɓarin jikinta ya yi nauyi. Hansatu ta zo da gudu ta duba ta, ta ce a tsallaka da ita babban asibiti yanzu-yanzu. Amma babban asibitin a birnin da Balaraba take yake, kuma ma'aikatansa duk sun san ta. Inna ta kama hannun Sabitu da hannunta mai lafiya, da ƙyar magana take fita, ta ce, "Idan kuka kai ni, yarinyar nan za ta ji, za ta baro abin da ta je yi. Wanda ya ɗaga ni daga nan ban yafe masa ba." Aka yi roƙon duniya ta ƙi. Sai da aka gama jarrabawa ta yarda aka kai ta, likita ya ce an makara. Ta rayu, amma ƙafa da hannu ba su sake motsi ba.

Da Balaraba ta gan ta a kwance, ta durƙusa a bakin gado, ta rasa godiya za ta yi ko fushi. Ta ce, "Inna, me ya sa kika yi mini haka?" Tsohuwar ta juya fuska ga bango ta ce, "Ni guda ɗaya ce, kuma na ci zamanina. Mata masu ciki na garin nan fa?"

Sakamako ya fito, Balaraba ta ci. Ba a rufe ɗakin haihuwa ba, kuma a daminar da ta biyo baya, lokacin da kogi ya cika ya batse, mata suka haihu a garinsu lafiya.

Sai jami'a ta kira bikin yaye ɗalibai. Da yake ɗalibanta daga ko'ina suke, zauren ba zai ɗauki jama'a ba, aka ce kowane ɗalibi baƙo ɗaya zai shigo da shi, wanda zai zauna a gaba ya ga an miƙa masa shaida. Balaraba ta roƙa a ƙara mata, aka ba ta haƙuri. Cikin ukun nan ba wanda ya buɗe baki ya ce a tafi da shi. Amma ta ji Hansatu tana tambaya, kamar da wasa, wane launi ne rigar da masu digiri suke sawa. Ta ga Mamuda ya fito da babbar rigarsa ya kai wa mai guga. Sabitu kuma ya gaya mata a ɓoye cewa Inna ta sa shi ya aro keken marasa lafiya, ya gwada ko zai shiga bayan mota.

Ga shi ranar tafiya ta matso, Balaraba ta kasa cin abinci. Ba don Hansatu ba da ba ta samu sararin karatu ba. Ba don Mamuda ba da ta bari a tsakiya. Ba don Inna ba da ba ta rubuta jarrabawar ƙarshe ba. To, jama'a, ku da kuka ji da kunnenku, wane ne a cikin ukun nan ya fi cancantar wannan kujera?