Ƙarfen da Maiwada Ya Tone

Maiwada manomin albasa ne a Aliero, mutumin kirki mai kula da iyalinsa. Aibinsa guda ne: ba ya jure a yi masa dariya. Ko hula ya saya, in abokai suka taɓe baki, to ta gama yawo.

Shekarar da albasa ta yi kyau, ya je Jega ya sayo wa matarsa Kaltume firiza don sana'arta ta zoɓo da kunun aya. Ya kira Ɗantani, mai gyaran wuta daga Maiyama, ya haɗa musu. Da Ɗantani ya gama, sai ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya kafa doguwar sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa, ya ɗaura mata wata koriyar waya.

Ya ce, "Wagga ita ce hanyar wuta. Ran da ta zubo jikin firiza, ƙasa take nema. In ba ta samu waya ba, jikin mutum za ta bi."

Kaltume ta fara ciniki, gida ya yi daɗi. Amma labarin ramin ya kai majalisa. Abokai suka sa Maiwada gaba, wai ashe asiri ya binne, shi ya sa albasarsa ta fi ta kowa. Wasa suke yi, amma shi abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya dawo gida bai tambayi kowa ba, ya yanke wayar, ya tone sandar, ya mai da ita turken rago. Firiza kuwa ta ci gaba da sanyi abinta. Ya ce wa Kaltume ai ga shi nan, ba abin da ya ragu.

Damina ta shigo. Ɓera ya ci waya a cikin firizar, ba wanda ya sani. Wata safiya Kaltume ta shigo daga tsakar gida, ƙafa a jiƙe ba takalmi, ta kama murfin. Nan wuta ta riƙe ta, ko ihu ta kasa. Allah Ya sa Maiwada na bakin ƙofa, ya yi wuf ya kashe wutar gidan. Ta zube ƙasa, tafin hannunta ya ƙone, amma da ranta. Wallahi ranar Maiwada ya yi kuka, bai damu da wa ke kallo ba.

Bayan an sallame ta daga asibiti, ya aika wa Ɗantani. Ɗantani bai yi masa gori ba, ya gyara wayar da ɓera ya ci, ya ce a sake rami. Maiwada ya kwance ragon, ya je ya sayo gishiri da gawayi da kansa, ya biyo da su ta gaban majalisa da rana tsaka.

Wani ya ce, "Za a sake binne asirin ke nan?"

Maiwada ya ce, "Ƙwarai kuwa. Kai ma je ka binne naka, tun matarka na da hannu biyu."

Har yau Kaltume na sayar da zoɓonta lafiya lau, ragon kuma an yi masa turken icce.

Darasi: wayar ƙasa ba ado ba ce, kuma ba tsafi ba ce. Takan yi shekaru ba a ga aikinta ba, sai rana ɗaya ta tsare rai. Kada ka cire abin da masani ya sa don gudun dariya. Ka tambaya tukuna, domin masu dariyar ba su za su taɓa firizar gidanka ba.