Ya Ƙi Saukowa Daga Hawa Na Uku

Akwai wata tela da shan-inna ya taɓa ƙafafunta tun tana ƙarama, da sanduna biyu take tafiya. Ita ta riƙe ƙaninta bayan rasuwar iyayensu. Yana aji biyar a makarantar koyon aikin likita, amma a gida tuni ake ce masa Dokta, shi kuma yana amsawa har da gyara wuyan riga.

Wata rana ya faɗo shagonta da murna. Wata gidauniya za ta tallafa wa ɗaliban likitanci su yi shekara guda suna bincike kan mutanen da ke shan wuyar samun kulawar asibiti. Gurbi ɗaya tak aka ware wa makarantarsu, kuma sai kowa ya fara kawo ɗan gwajin bincikensa.

"Yaya, kan masu nakasa zan yi," in ji shi. "Ki tara mini 'yan ƙungiyarku in tambaye su abin da ke hana su zuwa asibiti."

Ta bi su gida-gida tana roƙo. Ranar da aka sa suka hallara, mai keke, mai sanda, mai rarrafe, wasu har sun rufe sana'arsu. A bakin ginin makarantarsa suka yi cirko-cirko. Ɗakin hirar yana hawa na uku, lif kuwa, na'urar hawa bene, ya mutu tun bara.

Ta kira shi a waya. "Dokta, ka sauko mana, ga mu a ƙasa."

"Haba Yaya, nan ne babu hayaniya, muryarku zan ɗauka. Ku daure ku hau."

Jama'a, ku ji rashin ta-ido. Mai binciken abin da ke hana su zuwa asibiti, shi ne yake cewa su daure.

Mutane suka jira har rana ta take, suka watse suna ƙunƙuni. Ita kaɗai ta jingine sandunanta, ta hau da hannu da gwiwa, ɗalibai suna raɓa ta suna wucewa. Da ta iso, ya dubi ƙurar zanenta ya ce ƙasa-ƙasa, "Da kin haƙura ma, kin jawo ana ta kallona."

Ta haɗiye ɓacin ranta, ta amsa tambayoyinsa.

Bayan makonni aka kira shi gaban alƙalan gidauniyar, aka ce ya zo da ɗaya daga cikin waɗanda ya yi hira da su. Wa yake da shi in ba ita ba? Ta zauna a gefe tana yi masa addu'a, sai ta ji yana cewa:

"Kusan duk waɗanda na gayyata sun ƙi zuwa. Wannan ya nuna babbar matsalarsu ita ce ƙarancin wayewa da rashin damuwa da lafiyarsu."

Ranta ya yi mummunan ɓaci.

Shugabar alƙalan, wata dattijuwar likita, ta juyo gare ta. "Baiwar Allah, ke kin je. A ganinki me ya hana sauran?"

Ƙanin ya kafe ta da ido yana roƙo. Ta san gaskiya za ta raba shi da gurbin. Ta kuma san in ta yi shiru, ƙaryarsa za a rubuta a kansu, a miƙa wa masu tsara asibitoci.

"Sun je, ranki ya daɗe. Dukansu sun je. A hawa na uku ya zauna ya ƙi saukowa. Ni ma da hannuwana na hau."

Wata ɗaliba aka ba gurbin.

A hanyar gida ya ce, "Yaya, kin kashe ni."

Ta tsaya, ta dogara da sandunanta. "Da waɗannan ƙafafun na raine ka, yau a gabana ka ce ba mu waye ba. Ba gurbi ne ya fi damuna ba, Dokta. Wata rana marasa lafiya za a damƙa maka."

Ya bi bayanta har gida.

Darasi: Duk wanda zai yi magana da yawun marasa ƙarfi, ya fara sauka inda suke ya saurare su. Kada ka gina musu katanga sannan ka zarge su da ƙin shigowa. Ku tura wa ɗaliban lafiya da kuka sani, tun kafin su sa farar riga.