Mutumin da Ya Toshe Burtali

An yi wani mutum a garin nan namu na Dakoro, a shekarun da aka karɓi mulkin kai. Ba zan kama sunansa ba, don danginsa suna nan da rai. Ɗan kasuwa ne, yana awon gyaɗa da hatsi yana kaiwa Maraɗi. Allah ya buɗa masa har ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, a zamanin da in mota ta shigo gari mata kan ajiye taɓarya su fito kallo. Duk arzikin nan, haihuwa ɗaya Allah ya ba shi, wata 'yar yarinya mai suna Zara. In kana son ganin haƙorinsa, to ka ambaci Zara.

A shekarun ne hukuma ta ce za a gyara gari. Za a faɗaɗa hanyoyi, a jera rumfunan kasuwa. Aka tara jama'a a ƙofar sarki, kowa ya kawo kukansa. Masu raƙuma suka ce ina za su durƙusar da raƙumansu? Masu jakai suka ce ina za su kafa turke? Tsofaffi kuwa suka ce su tsoronsu motocin nan ne da ke ta ƙaruwa, in ba a ba su wurin tsayawa ba, wata rana sai mutum ya tashi ya tarar da ɗaya a zaurensa. Aka yi ta kai da kawowa, daga ƙarshe aka yanke magana: motoci su tsaya a sabuwar tasha a bayan gari, burtali kuma a bar shi a buɗe yadda aka gada.

Ku yaran yanzu, kun ma san burtali? Hanyar shanu ce. Ta gangaro daga arewa, ta bi gefen kasuwa, ta faɗa babbar rijiya. Manomi ba ya shuka a cikinta, magini ba ya aza tubali a kanta. Mutumin nan yana wurin aka yi alkawarin, da aka shafa fatiha ma amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙara.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sitonsa a bakin burtalin yake. Tasha kuwa da nisa, ga rairayi, sai an yi ta jigila da 'yan dako. Sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ai ɗan lokaci ne, a sauke kaya a wuce. Ya 'yan uwa, wane zunubi ne bai fara da ɗan lokaci ba? Ɗan lokaci ya zama wuni, wuni ya zama kwana. Sauran masu motoci suka ga ba wanda ya ce masa uffan, suka bi sahu. Ranar kasuwa shi ke riga kowa, ya kafa motarsa can ciki a gindin sito inda inuwa take, saura su jeru a bayansa har burtali ya cushe.

Shanu suka koma bin wani lungu na talakawa, suna karya darni, suna kifar da tukwane. Suka ture wata tsohuwa ta karye a ƙugu, ba ta ƙara tashi ba. Aka gaya masa, ya ce ai daman ta tsufa.

Wata rana Samba, wani dattijon makiyayi da ke gangarowa daga wajen Azagor, ya same shi a bakin sito. Ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah ka buɗe muna hanya. Saniya in ta sha ƙishirwa ta ji ƙamshin ruwa, ni kaina ba ta san ni ba, balle kai. In ka tare ta nan, wani wuri za ta hwaɗa."

Ya yi dariya ya ce, "Zamani ya sake, Samba. Yanzu mota ke da hanya. Tahi ka kai ni ƙara wajen kumandan, mai mulkin gari."

Samba ya gitta sandarsa a kafaɗa ya juya. Wallahi shirun wanda aka zalunta ya fi zaginsa ba ni tsoro.

Bazara ta zo da zafinta, rijiyoyin arewa suka ƙafe. Ranar wata kasuwa, rana tsaka, wani babban garke ya gangaro, shanun sun yi kwana da kwanaki ba su ga ruwa ba. Suka ji ƙamshin rijiya, suka ɗaga kai suka zura da gudu, makiyaya na bin su a baya suna kira a banza. Suka tarar da burtali a toshe. Suka karkata lungun talakawa, ashe ranar wani mai mota ya rasa wuri ya cusa tasa a can. Saura lungu ɗaya ya rage a buɗe. Lungun wa? Wanda ya bi ta ƙofar gidan mutumin nan. Zara tana zaune a inuwar bango tana wasa da 'yan duwatsu.

Da ƙura ta lafa aka ɗauko ta da sauran numfashi. Mai ɗori ya taɓa ta ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a ciki take zubar da jini, sai a yi maza a kai ta Maraɗi. Uban ya rungume ta ya ruga wajen motarsa. Wa ya fi shi abin tafiya a garin? Ba kowa. Ya shiga gaba da ita a cinya, aka tayar da inji. Amma ta ina? Gaba bangon sito, baya motoci a jere, kowacce cike da buhunan gyaɗa, ƙafafunta sun nutse a rairayi. Masu tuƙa su sun watse cikin kasuwa, wani ya tafi cin nama, wani yana kara wajen cinikin shanu, wani ba a ma san inda ya kishingiɗa ba. Jama'a suka taru suna turawa, har da mutanen lungun da aka karya wa darni, motocin ko gezau.

Inji na ta ruri. Yarinyar ta buɗe ido ta dube shi ta ce, "Baba, yaushe za mu tahi?"

Ya ce mata yanzu. Ta sake tambaya, ya sake cewa yanzu. Sai wajen la'asar aka janye mota ta ƙarshe. Hanya ta buɗe fetal, amma wadda za a kai ta riga ta tafi.

Bai yi kuka ba. Bai kuma sake riƙe tiyar awon hatsi ba. Sito ya zama kango, aka ture motar gefe kaji suka riƙa ƙwai a ciki. Muna yara mun gan shi da idanunmu, ba takalmi, yana kai da kawowa a burtali yana tsince duwatsu da ƙaya, duk wanda ya haɗu da shi sai ya ce, "Ku ba mu hanya, za mu wuce." A nan cikin burtalin aka tsinci gawarsa.

Ya 'yan uwa, wanda ya ci haƙƙin mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je neman gafara. Wanda ya ci hanya fa? Gidan wa zai je? Duk wanda ya ratse yana binsa haƙƙi, gurgu da makaho da mai tsohon ciki, har dabbar da ba ta da bakin magana. Malamai sun karantar da mu cewa kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce. To mene ne hukuncin wanda ya dasa mota a kanta? Kai da ka turo rumfarka cikin titi, kai da kake ajiye abin hawanka a bakin lungu kana cewa ɗan lokaci ne, ka san wanda ke bayan motar nan yana jiran a buɗe masa? Ka tabbata ba naka ba ne?

Kuma ku tuna akwai wata hanya a gabanmu, Siraɗi. Kowa sai ya bi ta, ranar kuwa ba mai matsa wa wani.

Allah ya buɗa mana hanya a ranar ƙunci, kada ya kama 'ya'yanmu da laifin hannunmu. Allah ya kiyaye mu.