Kwaɗon Rogon Mama Gafiya

Wata rana Kurciya tana wucewa ta bayan dangar Gafiya, sai ta ji ana tambaya a ciki: "Hawainiya, ɗanɗana ki faɗa mini. Duk zumuntar matan cocin nan akwai mai hannu irin nawa?"

Gafiya ce shugabar zumunta, kuma ba ta son gyara. Hawainiya kuwa duk inda aka juya nan take bi. Ita Kurciya amarya ce mai kunya, ko a coci bencin baya take zama.

Ta leƙa. Kwaɗon rogo ne cike da masaki, wanda za a raba wa yaran makarantar Lahadi washegari, ranar godiyar girbi. Hawainiya ta kai loma baki ta ce, "Kai Mama, zuma!" Gafiya na juya baya, ta tofar a gindin danga.

Kurciya ta dubi ɓawon da ke ƙasa, ta gane shi. Rogo mai ɗaci ne, irin wanda sai ya jiƙu a ruwa sosai kafin dafinsa ya fita. Gafiya kuwa da safen nan ta haƙo shi, don kada wata ta riga ta gama girki.

Kurciya ta yi gaba, ƙafa ta ƙi tafiya. Ta ce, "Ya Ubangiji, ka ba ni baki." Ta dawo.

"Gafaranku dai. Mama, ki yi haƙuri, rogon nan bai jiƙu ba. Zai cuci yara."

"Iye! Amaryar jiya ce za ta koya mini girki? Tun kina cikin ƙwai nake kwaɗa rogo!"

"Hassada ce, Mama," in ji Hawainiya.

Kurciya ba ta matsa ba. "Ki zage ni, Mama, na yarda. Amma in masakin nan ya doshi coci, a bakin ƙofa za ki same ni."

"To zuba ido ki gani!" Gafiya ta cika baki da kwaɗo, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Ta tura wa Hawainiya. "Ke da kika ce zuma, bismillah."

"Ai na ƙoshi, Mama."

"Ci!"

Hawainiya ta ci, idanunta na juyawa. Kafin rana ta karkata, su biyun suna kwance a tsakar gida, ga jiri ga amai. Kurciya ce ta kira mai magani, ta zauna tana yi musu fifita.

Can Gafiya ta buɗe ido. "Amarya, binne kwaɗon nan. Da gobe 'ya'yan mutane ne a kwance haka."

Washegari dambun Kurciya yara suka ci. Bayan sujada, Zabuwa mai son jin ƙwaƙwaf ta ja ta gefe. "Ke, me ya sami Mama?"

"Ba ta jin daɗi. Ki je ki gaishe ta, sauran sai ta faɗa miki da bakinta."

Darasin wannan labari shi ne, mai bin Yesu ba ya yabon abin da ya tofar a ɓoye. Yakan faɗi gaskiya a gaban mai ita, ko da muryarsa na rawa. In kuma an gyara, ba ya yawo da laifin ɗan'uwansa. Kurciya ta faɗa wa wadda ya kamata ta ji, daga nan ta ƙudura ba mai ji daga bakinta.