Tayoyin Baya da Malam Sallau Ya Zaɓa

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku. Ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshenta ku ne alƙalai, don ni dai na juya ta na sake juyawa ban kama bakin zarenta ba.

A bakin tashar Funtuwa akwai wani tsoho mai faci da ake kira Malam Sallau. Ya shekara arba'in da 'yan kai a ƙarƙashin rumfa ɗaya, har ta kai direba ba ya sayen taya sai ya gangaro da ita gabansa. Zai shafa ta, ya danna da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne, sannan ya ce a ɗauka ko a mayar, kuma daga nan magana ta ƙare. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya shiga motar da bai zagaya ya taɓa ƙafafunta ba, ko ta waye. Da wannan sana'a ya reni 'ya'ya uku bayan rasuwar mahaifiyarsu. Babban shi ne Sagir, mai sayar da kayan sola a Kaduna. Sai Bara'atu, malamar koyar da gyaran mota a wata kwalejin fasaha. Sai autansu Mudassir, wanda ya gaji sana'ar ya buɗe nasa shagon a can ƙarshen gari.

Tsufa kuwa ba ya zuwa hannu rabbana. Yanar ido ta fara rufe wa Malam gani, shekara uku yana musu yana cewa hayaƙin tasha ne. Da ƙyar da jiɓin goshi 'ya'yan suka shawo kansa ya yarda a yi masa aiki a wani asibitin ido a Kaduna, aka sa ranar Talata.

Sagir ya zo ɗaukarsa tun ranar Laraba ta makon da ya gabata, a cikin abin da ya fi ji da shi a duniya. Motar tsere ce mai kujera biyu, mai aiki da wutar lantarki, ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare, in ta zo tudun rage gudu sai an haɗa mata da addu'a. Tasha ta watse aka zo kallo. Malam bai kula da fenti ba, tunda ba ya ganinsa. Ya tsuguna ya shafa tayoyin gaba ya gyaɗa kai, ya koma na baya, waɗanda suka fi na gaban faɗi, sai ya ja tsaki. Sun yi sanƙo. Irin wannan mota da ƙafar baya take fizga, ga nauyin batir a cikinta, shi ya sa take cinye na baya tun na gaba suna sabbi. Malam ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce shi ba zai hau wannan ba, ko da idon zai rufe gaba ɗaya.

Sagir ya ji kunya a gaban jama'a, ya kuma hango wata dama da ya daɗe yana nema ta girmama uban nan nasa. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Baba, ai shi ya sa na kawo ta gida. In ba kai ba, wa zai zaɓa min?"

Da kun ga fuskar tsohon nan a lokacin, da kun yafe wa Sagir. Washegari Malam ya sa aka buɗe masa siton wani dillali abokinsa, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya da hannu har ya kai kan wasu guda biyu a lungu. An yo odarsu tun da daɗewa don motar wani attajiri, ba a zo ɗauka ba. Faɗinsu daidai, zanensu bai taɓa taka ƙasa ba. Ya danna da yatsa ya ji tauri kamar dutse, ya ce waɗannan su ne. Aka ɗaura su a gaban direbobi, ana ta cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

To ga inda aka haihu a ragaya.

Bara'atu ta iso ranar Juma'a. Ta zagaya motar yayanta tana yi masa tsiya, sai idonta ya faɗa kan lambobin da ke gefen tayar. Ta durƙusa ta karanta, ta sake karantawa. Akwai lamba huɗu da ke faɗin makon da aka yi taya da shekarar, su suka gaya mata cewa tayoyin nan sun shekara tara suna gasuwa a ƙarƙashin kwanon sito. Taurin da Malam ya ji ba ƙarfi ba ne, roba ce ta mutu. Lambar nauyi kuma ta nuna ko suna sabbi ba za su iya da wannan mota ba. Sau biyu ta nufi zaure za ta gaya wa mahaifinta, sau biyu ta ji shi yana ba abokansa labarin yadda ya tsamo su daga cikin tayoyi ɗari, sai ta fasa shiga. Ta juya ta kira 'yan'uwanta bayan gida. Sagir ya ce zai tafi a hankali. Ta ce, "Yaya, robar da ta mutu ba ta san a hankali ba. Ga damina, ga titi da ruwa, motarka kuma ko tayar safaya ba ta da ita." Da ba don idon Bara'atu ba, da ba wanda ya san akwai rami a gaba.

Ranar Asabar Mudassir ya kama hanyar Kano da lambobin da yayarsa ta rubuta masa a takarda. Ya shiga shago ya fita, ya shiga ya fita, wasu na yi masa dariya, sai gab da la'asar ya sami biyu da suka dace. Ranar Lahadi, da Malam ya tafi ɗaurin aure, ya ja motar zuwa shagonsa. Ya kwance abin da ubansa ya ɗaura, shi da uban ya koya wa riƙon sifana, ya sa sabbi, ya tura tsofaffin bayan shago ya lulluɓe da tamfol. Mota irin wannan ba ta ɓuya. Direbobi suka taru, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo don Allah kada maganar ta je kunnen Malam. Da ba don hannun Mudassir ba, da sanin Bara'atu bai tsinana komai ba.

Saura Sagir, kuma nasa ya fi ƙanƙanta, kalma biyu ce kawai. Ranar Litinin da safe aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya riƙo wa mahaifinsa lema, ya bi da shi ta gaban motar, ya buɗe ƙofa. Tsoho ya ja ya tsaya zai zagaya baya kamar yadda ya saba. Sagir ya ce ruwa zai jiƙa shi, kuma ai da hannunsa ya ɗaura su. Malam ya juyo da farin idonsa ya ce, "Su ne dai ko?" Sagir ya ce, "Su ne, Baba." Tunda aka haife shi bai taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Da ba don bakin Sagir ba, da tsoho ya taɓa ya gane, da kuma ya yi fushi ba inda za shi.

Hanyar nan ita ce ta fi kowace daɗi a rayuwar Sagir, ita ce kuma yake tunawa ya kasa cin abinci. Malam mutumin dā ne mai kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama hira da shi ba. Amma kujera biyu ce, ba inda za a ɓuya wa juna. Tsoho ya saki baki yana ba da labarin ƙuruciyarsa da na mahaifiyarsu. Bayan sun wuce Zariya wasu shanu suka faɗo titi a cikin ruwan nan. Sagir ya take burki da iya ƙarfinsa, mota ta dafe ƙasa ta tsaya cak, taku biyu tsakaninta da bijimi. Da suka gama salati sai Malam ya bugi cinyarsa ya fashe da dariya ya ce, "Sagir! Ka ji yadda suka kama titi? Ka ga amfanin tsoho?" Sagir ya ce ya gani. Nan take Malam ya sa aka kira masa shugaban tasha a waya ya ba shi labari tiryan-tiryan, shugaban tasha yana ta cewa, "Ai kai ne, Malam, ai kai ne."

Aka yi aiki ranar Talata, Allah ya ba da sa'a. Ranar Laraba aka kwance masa ido, ya ga 'ya'yansa uku a tsaye, don sauran biyun sun biyo motar haya. Ya ƙirga furfurar da ke gemun Sagir yana tsokanarsa, kowa na murna. Da suka fito harabar asibiti ya ce bari ya ga tayoyinsa. Likita ya hana shi sunkuyawa, amma wa zai riƙe shi? Ya tsuguna ya ɗora hannu, kuma hannun ne ya riga idon gaya masa. Ya daɗe a nan. Da ya miƙe bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa ba, cewa kawai ya yi a kai shi tasha. A motar haya ya koma Funtuwa.

A gida ya sa Mudassir ya gangaro masa da tayoyin da ya zaɓa. Ya juya su a rana, ya ga tsattsagewa siri-siri a jikin robar, ya sa Bara'atu ta karanta masa lambobin. Ya gane gaskiyarsu ce, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Sannan ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kun ceci raina, ban musa ba. Amma da kun gaya min, da na ji kunya a gaban mutum uku, 'ya'yana. Kuka bar ni ina yabon kaina, tasha guda na amsa min kamar ana lallashin yaro. Kuma shekara uku ke nan ina zaɓar wa bayin Allah taya da wannan idon da wannan yatsan. Mota nawa na sallama? Su wa suka isa, su wa ba su isa ba? Ku da kuka sani, wa ya tsayar da ni?"

A makon nan ya sa aka kwance rumfarsa ta bakin tasha. Ido ya buɗe tangaran, amma mai idon ya daina fita, daga ɗaki sai masallacin ƙofar gida. Direbobi suka zo ban haƙuri, ya karɓe su da fara'a ya sallame su, in an kawo taya sai ya ce a kai wa masu karatu. Ya rame, tafiyarsa ta canza. Ni na gan shi, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

'Ya'yan suka je su uku suka durƙusa neman gafara. Ya ce ba ya karɓar tuba a dunƙule. Su je su daidaita a kan wanda ya fi laifi a cikinsu, ya shigo shi kaɗai, in ya yafe masa ya yafe wa sauran. Sun zaci abu ne mai sauƙi. Sagir ya shiga washegari, uban ya ce, "Sun yarda kai ne?" Ya ce a'a. Ya ce, "To koma."

Kun san an saba jin 'yan'uwa na rigima a kan wanda zai ci riba. Waɗannan kuwa a kan laifi suke ja-in-ja, kowa na cewa nasa ne. Bara'atu ta ce ita ce, don ita kaɗai ke da sanin da zai gamsar da shi, ta kai har bakin zaure ta juya, ta mayar da gaskiya ƙus-ƙus a bayan gida. Mudassir ya ce shi ne, don hannun da uban ya horar shi ya kwance aikin uban, kuma shi ya sa tasha duka ta haɗa baki a kansa. Sagir ya ce su bar wahalar da kansu, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shi ya ɗora tsoho a kan wannan tsani a bainar jama'a ba tare da ya tambayi kowa ba, shi aka duba aka tambaya ya ce su ne, shi kuma ya zauna yana jin yabon nan tun daga Zariya har Kaduna bai buɗe baki ba. In ya faɗi haka sai Bara'atu ta ce da ya buɗe bakin da har yau Baba makaho ne, sai magana ta koma farko.

Yau wata biyar ke nan. Duk Juma'a sukan haɗu a dakalin ƙofar gidan, su yi ta yi har a kira la'asar, su tashi ba matsaya. Tsoho yana ciki yana jinsu, jikinsa kuma kullum ƙara yin ƙasa yake, ba wanda ya san kwana nawa suka rage a yi wannan yafiya.

To jama'a, ga mai ido da ta gani ta ɓoye, ga mai hannu da ya canza a asirce, ga mai baki da ya ce su ne. Ba don kowanne ba da tsoho bai rayu ya gani ba, kuma ba don kowanne ba da bai karye ba. Wane ne a cikinsu ya kamata ya tashi ya shiga?