Tasalla da Tambayar Sarkin Aljanun Baƙin Dutse

A can zamanin da aljanu kan tare hanya da rana tsaka, an yi wani ƙasaitaccen birni mai ganuwa bakwai, ana ce masa Birnin Marmaro, sarkinsa kuwa Nomau ɗan Cindo, adali, mai sanyin hali. Wata shekara kogin da ke shayar da birnin ya ƙafe ƙaf cikin yini guda, aka bincika aka gano Zarƙabilu, sarkin aljanun Baƙin Dutse, shi ya janye shi ya kulle ƙarƙashin gadon sarautarsa, ya kuma rantse ba zai sake shi ba sai ɗan Adam ya amsa masa tambaya guda. Malaman hisabi goma sha biyu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya komo. Na ƙarshensu shi ne Malam Jatau, wanda ya bar 'ya tilo, Tasalla, masaƙiya, wadda ta koyi lissafi a gindin allonsa.

Tasalla ta je fada ta durƙusa ta nemi izinin tafiya. Sarki ya ce, "'Yata, maza goma sha biyu na rasa, ban iya ƙarawa da ke."

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ko na zauna, ƙishirwa za ta same ni har ɗaki."

Kwana arba'in tana tafiya. Ta ratsa wani ƙurmi baƙi ƙirin wanda itatuwansa ke kiran sunanta da muryar mahaifinta, ta toshe kunne tana kuka, ta wuce wani birni na jar tagulla, shiru tsit, ƙofofinsa na buɗe mata da kansu suna rufewa a bayanta, har ta isa fadar Zarƙabilu. Ta tarar da shi bisa gado, ƙato, murtukeke, idanu jajawur kamar garwashi, ga gumakan dutse goma sha biyu jere gabansa. Na ƙarshen bakinsa a buɗe yake. Ta gane rawanin mahaifinta.

Zarƙabilu ya ce, "Saurara, 'yar Adam. Kakanmu na fari shi kaɗai ne. Ya haifi biyu, kowanensu ya haifi uku, kowane cikin waɗannan ya haifi huɗu, haka har zuriya ta ɗari, wadda kowane uba ya haifi ɗari. Idan na kasa wannan zuriya ta ƙarshe kashi uku daidai, na ɗauki kashi ɗaya na sake kasa shi uku, sau nawa zan yi haka kafin rabo ya ƙi? Amsa ɗaya gare ki. Dutse kuwa ya riga ya fara cin ki."

Ta duba ƙasa, ta ga yatsun ƙafarta sun daskare sun yi fari. Ta sunkuya tana zane a ƙasa da yatsa. Yawan zuriyar ba ya ƙirguwa, amma ta lura ba komai ba ne illa ɗaya sau biyu sau uku har ɗari, don haka abin nema shi ne uku nawa ke ɓoye cikin lambobin nan. Uku, shida, tara, har casa'in da tara: talatin da uku. Sanyin dutse ya kai mata gwiwa. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga fadawan aljanu sun miƙo wuya suna murmushi, suna lasar baki. Ta dakata. In amsar nan ce, da mahaifinta bai kasa samunta ba. Ta haɗiye maganar.

Ta koma kan tara, ta ga ai uku biyu ne a cikinta, ita kuwa ɗaya ta ƙirga. Ta bi tara-tara har casa'in da tara, ta sami ƙarin goma sha ɗaya. Dutse ya kama mata ƙugu, numfashi ya fara yi mata nauyi. Ashirin da bakwai, hamsin da huɗu, tamanin da ɗaya, kowace na ɓoye da uku har sau uku: ƙarin uku. Tamanin da ɗaya kuma ita kaɗai tana da na huɗu. Ta ninka ta sau uku ta ga ta zarce ɗari, ta san ta kai ƙarshe. Yanzu hannayenta ma sun sandare, sai da ka ta haɗa.

Da ƙyar murya ta fita, ta ce, "Ranka ya daɗe, sau arba'in da takwas."

Zarƙabilu ya miƙe a hankali ya ture gadonsa gefe. Ruwa ya ɓalle da ruri kamar aradu, duk dutsen da ya taɓa sai ya koma tsoka da jini. Malam Jatau ya faɗi ya yi tari, ya ɗago ya ce, "Uwata, ke ce? Me kika ce masa?" Ta gaya masa. Ya rufe fuska ya ce, "Tara. Mun manta da tara."

Suka bi kogin suka iso gida tare da ruwan. Sarki Nomau ya fito da ƙafa har bakin ganuwa ya tarye su, ya naɗa Tasalla Magajiyar Ruwa, ta riƙe sarautar shekara talatin cikin aminci. Allah ya ba mu haƙurin sake dubawa kafin mu buɗe baki.