Tukwanen Matan Gishiri

A wani zamani, shekarar da kogi ya janye da wuri, sarakuna biyu masu ƙarfi suka sa ido kan wata ƙaramar ƙasa mai mashigi ɗaya. Matan ƙasar ke dafa gishiri. Kowace tana da ƙawar ciniki a gabas da wata a yamma, kuma ba a shiga kasuwarsu da makami. Wannan ya hana yaƙi tun kakanni.

Jakadan gabas ya kawo tukwanen ƙarfe, wai don tausayin mata, muddin za a kori matan yamma daga kasuwa. Jakadan yamma ya kawo jakuna da irin wannan sharaɗi. Waziri Nomau ya karɓi duka a ɓoye, ya yi wa kowa alkawari. Ranar da jakada zai zo, sai a jera mata da kayan suna guɗa, in ya tafi a kwashe.

Tabawa, magajiyar masu gishiri, ta yi guɗar sau biyu, ranta na tafasa. Da asiri ya tonu, rundunonin sarakunan biyu suka sauka a gaɓa, sai ta sa aka kashe wutar kowane murhu, bayan 'yan kwanaki ta nufi fadar Sarkin ƙasar.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Sarki, "an yi ciniki da sunanmu, ba a tambaye mu ba. Yanzu a kan murhunmu za a yi yaƙin."

Waziri ya ce, "Iya, wannan zancen manya ne. Ba an ba ku tukwane ba?"

"An ba mu mu riƙe, Waziri. Suna gidanka, jakunan kuma suna ɗaukar geronka. In gishiri kuke so, ku dafa."

Sarki ya aika gidan Waziri, aka tarar da komai yadda ta faɗa. Sai ya tambayi Tabawa abin yi.

"A mayar wa kowa kayansa. Ƙawayenmu ba su ga gishiri ba tun da muka kashe wuta, kuma su ke dafa wa mayaƙan nan abinci. Wanda ke son magana ya zo kasuwa, ya same mu."

Aka kwance rawanin Nomau a gaban jama'a. Rashin gishiri ya ishi mayaƙan, sai washegari da hantsi jakadun biyu suka ajiye takubbansu a bakin kasuwa, suka zauna kan tabarma ɗaya. Tabawa ta bar su a rana har ta gama hura wuta.